Kundin Aikin Adana Wake Ba Tare da Guba Ba, Daga Wata Unguwa a Samaru

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau muka buɗe wannan kundi, wanda zai ƙunshi bayanin aikin da ni da ɗaliban ƙungiyar kimiyya ta makarantar sakandaren da nake koyarwa muka ƙudiri aniyar yi tare da mutanen unguwarmu da ke gefen Samaru, daga kakar bana har zuwa lokacin shukar wake ta baɗi. Tambayar da muke son amsawa guda ɗaya ce, kuma babu gidan da bai san ta ba a Zariya: ta wace hanya mutum zai ajiye waken da ya noma ko ya saya da kaka, ya kai shi damina ba tare da ƙwari sun mai da shi gari ba, kuma ba tare da ya zuba masa gubar da za ta koma cikin tukunyar iyalinsa ba?

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, Jamhuriyar Nijar na biye da ita, amma duk da haka ƙaramin manomi a ƙasar Zazzau yakan kai yawancin abin da ya rora kasuwa da zarar an gama sussuka, lokacin da farashi yake ƙasa, domin ya san idan ya ajiye ƙwari za su riga shi ci. Idan damina ta sauka, shi ɗin ne zai koma ya sayi tiya da tsada domin iri da kuma abinci. Waɗanda suka ajiye kuwa, da yawansu sukan yayyafa fiya-fiya, ko su cusa ƙwayar da 'yan kasuwa ke kira bom a cikin buhu, galibi ba tare da wani awo ba. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin kashe ƙwari mai suna daikulobos da aka riƙa samu a jikinsa, alhali iyakar da dokarsu ta amince da ita ba ta wuce miligiram 0.01 a kowane kilo ba. An yi ta maganar asarar kasuwar waje a lokacin, amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, irin waken da Turawa suka ƙi karɓa shi ne muke soya ƙosai da shi kowace safiya.

Akwai kuma dalili na biyu. Muna zaune ne a maƙwabtan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, aka kuma haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma daga nan ne ire-iren waken da ake kira SAMPEA suke fitowa. Tsakanin ƙofar cibiyar da zauren mai unguwarmu tafiyar ƙafa ce, sai dai abubuwa da yawa da aka daɗe da tabbatarwa a can ba su taɓa isa ɗakin girkin matan unguwar ba. Ina so yaran nan su zama masu kai da komowa tsakanin wuraren biyu, su kuma koyi yadda ake gwada magana kafin a gaskata ta.

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024

Mun yi zama na farko a zauren mai unguwa bayan sallar La'asar. Na roƙi ɗalibai kada su fara da bayani, su fara da tambayar dattawa yadda iyayensu suke ajiye wake kafin magungunan kanti su yawaita. Abin da aka tattara ya fi abin da na yi tsammani. Wani manomi ya ce shi da ƙowarsa yake ajiyewa a rumbu, ba ya sussukewa sai ranar da zai buƙata. Wani ya ce yana gauraya shi da dakakken barkono, wani kuma da busasshen ganyen dogon-yaro. Ɗalibai mata, waɗanda suka shiga cikin gida, sun dawo da bayanin wata dattijuwa da yaran unguwa ke kira Iya, wadda ta ce tun tana amarya take cakuɗa waken irinta da tankaɗaɗɗiyar toka a tukunyar ƙasa, ta yaɓe bakin da laka.

Da aka ambaci ajiya da ƙowa, limamin unguwa ya tunatar da mu shawarar da Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar a aya ta 47 ta Suratu Yusuf, cewa abin da suka girbe su bar shi a cikin zangarniyarsa sai kaɗan wanda za su ci. Na ce masa, “Allah gafarta Malam, wannan shi ne asalin abin da muke nema, wato yadda albarkar kaka za ta kai lokacin ƙunci.” Na lura cewa daga nan fuskokin wasu dattawa suka saki, domin sun gane ba mun zo ne mu rushe abin da suka gada ba.

Mun tsai da hanyoyi shida da za mu gwada. Ta farko buhun kasuwa ne wanda ba a sa wa komai ba, kuma shi ne ma'aunin da za a riƙa kwatanta sauran da shi. Sai na barkono da ganyen dogon-yaro, da na toka a tukunya, da na jarka mai murfi, da na buhu mai ninki uku, sannan wanda za a gasa a rana kafin a zuba a buhun kasuwa. Kowace hanya za ta samu mazubi uku, domin a riƙa buɗe ɗaya a kowane zango, kuma idan wani ya lalace aikin bai rushe gaba ɗaya ba. Wani ɗan kasuwa ya nemi a saka na bom domin a yi adalci, amma na ƙi, saboda ƙwayar nan tana sakin iskar fosfin da zarar ta haɗu da danshin iska, iskar kuwa tana kashe mutum a rufaffen ɗaki, ga shi ɗakin ajiyar da aka ba mu yana jikin ɗakin da yara ke kwana.

Asabar, 23 ga Nuwamba, 2024

Mun sayi buhu ɗaya na farin wake daga hannun manomi guda a wajen Shika, domin kada bambancin gona ko na iri ya shiga cikin sakamakon. Mun juye shi a tabarma muka cakuɗa sosai, ta yadda abin da ke saman buhu da na ƙasansa suka zama ɗaya. Kafin komai sai da muka tabbatar da bushewarsa, domin waken da ke da danshi idan aka toshe shi ruɓewa zai yi. Ba mu da na'urar awon danshi, saboda haka muka bi hanyar da malaman gona ke koyarwa: a zuba ƙwayar hatsi a busasshiyar kwalba tare da gishirin da aka shanya ya bushe ƙamas, a rufe, a girgiza, a ɗan bar shi, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, akwai sauran danshi, idan kuwa ya zauna wara-wara, hatsin ya isa ajiya. Namu bai manne ba.

Darasin da ya fi ɗaukar hankali yau shi ne na gilashin ƙara girma. Da ido kawai waken yana da kyau, fari tas, babu huji. Amma da yaran suka riƙa duba ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, sai suka fara ganin wasu ƙananan ɗigogi masu sheƙi da suka manne a fatar waken, waɗanda ko an hura ba sa faɗuwa. Ƙwan ƙwaron wake ke nan. Wata ɗaliba ta tambaye ni, “Malam, ta ina ƙwaron ya shiga, tunda sabon buhu ne?” Amsar ita ce tun daga gona yake biyo shi. Macen tana yin ƙwai a jikin ƙowa ko a jikin ƙwayar kanta, tsutsar da ta ƙyanƙyashe ba ta fitowa waje, daga ƙarƙashin ƙwan take huda fata ta nutse cikin ƙwayar, a can take ci, a can take girma, a can kuma take rikiɗa. Zagayayyen hujin da muke gani ƙofar da babban ƙwaro ya fito ne bayan an riga an gama ɓarnar. Shi babban ba ya cin waken, kwanakinsa kaɗan ne, aikinsa barbara da yin ƙwai, kuma mace ɗaya tana iya yin gomman ƙwai. A yanayi mai zafi wannan zagaye ba ya wuce mako uku zuwa huɗu, don haka 'yan ƙwai kaɗan a watan Nuwamba sun isa su cinye buhu kafin damina.

Wannan bayani ya warware wata tsohuwar gardama a unguwar, domin akwai masu cewa wake da kansa yake haifar ƙwaro idan ya daɗe. Ban yi musu da kowa ba. Na miƙa wa mai unguwa gilashin na ce, “Ranka ya daɗe, duba nan.” Ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙa wa na kusa da shi.

Asabar, 30 ga Nuwamba, 2024

An rufe dukkan mazubai goma sha takwas, kowanne da lambarsa da kwanan wata. Tokar mun tankaɗe ta, muka auna ta daidai da yawan waken, kwano da kwano, muka cakuɗa, sannan muka ƙara wata a sama mai kaurin yatsu biyu kamar yadda Iya ta umarta. Jarkokin na man girki ne da aka wanke aka shanya, ba waɗanda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki ba, kuma mun cika su maƙil muna bubbugawa domin kada a bar wa iska wuri, sannan muka sa leda a bakin kafin a murɗa murfin.

Buhu mai ninki uku, wanda ake kira PICS, ledoji ne biyu masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, a cikin buhun saƙa na waje da ke kare su daga yagewa. Ya samo asali ne daga binciken da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, suka fara tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980, aka kuma shiga yaɗa shi a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya daga 2007. Yanzu a Kano ma ana ƙera shi. Kafin zubawa mun hura kowace leda mun matse domin gano huji, bayan zubawa kuma muka fitar da iska, muka murɗe bakin kowane ninki, muka lanƙwasa, muka ɗaure shi shi kaɗai.

Gashin rana ya fi ba mu aiki. Mun shimfiɗa busasshiyar ciyawa domin kada ƙasa ta shanye zafin, muka ɗora baƙar leda, muka baza waken a kai ba da kauri ba, muka rufe da farar leda mai nuna ciki, muka danne gefuna da duwatsu. Abin da ake nema shi ne zafin ciki ya kai digiri 57 a ma'aunin Selsiyas ya kuma zauna a haka na awa guda, domin wannan yana kashe ƙwai da tsutsa da babban ƙwaro baki ɗaya. Ma'aunin zafin da muka aro daga ɗakin gwaji na makaranta ya wuce wannan mizani da tsakar rana, yaran kuma suka riƙa karanta shi suna rubutawa.

Doka ɗaya muka kafa: jarka da buhu mai ninki uku ba mai buɗe su sai ranar da aka sa.

Asabar, 14 ga Disamba, 2024

Dokar hana buɗewa ita ce ta fi yi wa kowa nauyi, har da manya. Domin a samu abin kallo, mun cika wasu ƙananan kwalabe da waken da ke da ƙwari da yawa, muka toshe rabinsu da murfi, sauran kuma muka rufe bakinsu da ƙyalle mara kauri wanda iska ke ratsawa. Sannan na kunna guntun kyandir na kife masa babbar kwalba, aka ga wutar ta yi rauni ta mutu. Na bayyana musu cewa kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa oksijin ce, wuta tana buƙatarta, tsutsar da ke cikin ƙwayar wake ma tana buƙatarta, kuma a rufaffen mazubi ƙwarin da kansu ne suke shanye ta, suna fitar da kabon-dayoksaid. Idan oksijin ta yi ƙasa sai tsutsar ta daina ci.

Akwai wani ɓangare na bayanin da ni kaina yake ba ni sha'awa. Tsutsar tana rayuwa ne a cikin busasshiyar ƙwaya inda babu ruwan sha, yawancin ruwan jikinta kuwa tana samun sa ne daga sarrafa abincin da ta ci, kuma wannan sarrafawa ba ta yiwuwa sai da oksijin. Saboda haka idan aka toshe iska, an toshe mata hanyar ruwa, sai ta bushe ta mutu. Wani yaro da ba kasafai yake magana a aji ba ya ce, “Ashe ƙishirwa ce ke kashe shi, Malam.” Na sa ya rubuta wannan jumla da hannunsa a kundin ƙungiya, domin shi ya kai ga ita da tunaninsa.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Hunturu ya kankama, kuma aikin ya shiga lokacin da babu abin nunawa. Mun ɗebi ƙwaya ɗari-ɗari daga mazuban da ake iya buɗewa muka ƙirga masu huji, bambancin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba, har buhun da ba a sa wa komai ba yana nan da kyan gani. Masu zuwa zaure sun ragu, wani ma ya ce mini a hanya wataƙila bana waken ba shi da ƙwaro. Dalilin a fili yake, domin sanyin dare da bushewar iska suna rage saurin girman tsutsar, zagayen da ke ɗaukar makonni uku da zafi yakan ja lokaci sosai a hunturu. Wasu ɗalibai sun so su tsallake ƙirgar wannan wata tunda ba ta nuna komai ba. Ban yarda ba, domin idan babu lissafin Janairu a rubuce, ba za a iya nuna wa kowa a Afirilu daga ina aka taso ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu, 2025

Abubuwa uku ne suka faru a wannan zango. Na farko, ɓera ya huda ɗaya daga cikin buhuna masu ninki uku ta ƙasa, ya ratsa ledojin biyu. Mun rubuta shi yadda ya faru, muka bar buhun a cikin gwajin da alama a jikinsa, domin irin wannan hatsari shi ne zai sami kowane gida, kuma yana da kyau a ga abin da huji ɗaya ke jawowa. Sauran mun ɗaga su a kan katako, nesa da bango.

Na biyu, wani manomi ya zo da tambaya mai muhimmanci. Ya ce ya ji cewa Samaru ta fitar da waken da ƙwari ba sa ci, to me ya sa muke wahalar da kanmu? Waken da yake nufi shi ne SAMPEA 20-T, wanda aka amince da fitar da shi ga manoma a ƙarshen 2019, Farfesa Mohammad Ishiyaku na cibiyar ne kuma ya jagoranci bincikensa. An samar da shi ne domin ya jure wa tsutsar maruka, wadda ke cin fure da ɗanyar ƙowa a gona, abin da ke rage yawan feshin da manomi zai yi. Amma maruka dabam, ƙwaron rumbu dabam. Wannan iri ma idan aka girbe shi aka ajiye a buhun kasuwa, ƙwaron ajiya zai ci shi kamar kowane wake. Na ga amfanin fayyace wannan, domin idan mutum ya sayi iri da zaton abin da ba a ce zai yi ba, ranar da ya ga huji sai ya yanke ƙauna daga dukkan abin da ya fito daga masu bincike.

Na uku shi ne zaman da ɗalibai mata suka yi da matan aure a makarantar Islamiyya ta unguwa, wanda a ganina shi ne mafi nauyin abin da muka yi zuwa yanzu. Matan ne ke sayen wake tiya-tiya, su ne ke surfa shi, su ne kuma ke fara jin warin magani idan an zuba da yawa. Da yawansu sun ce sukan wanke shi da ruwan zafi ko su zubar da ruwan tafasar farko. Yaran sun gaya musu cewa wankewa tana iya rage abin da ke saman fata, amma ba za a dogara da ita a ce an kawar da guba ba, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan zuba irin waɗannan magunguna kai tsaye a kan kayan abinci. Wata mai sana'ar ƙosai ta ce ita takan fi natsuwa idan ta ga ƙwaro ɗaya ko biyu yana yawo a tiya, domin alama ce ba a cika magani ba. Na daɗe ina tunanin wannan magana. Mace ce da ba ta da ɗakin gwaji, ta ƙirƙiro wa kanta hanyar awo da abin da idonta ke iya gani, kuma abin takaici ne a ce kasuwarmu ta kai inda ƙwaro mai rai ya zama shaidar lafiyar abinci.

Asabar, 15 ga Maris, 2025

Muna tsakiyar azumi, wanda aka fara ranar 1 ga wannan wata, zafin bazara kuma ya sauka. Mun mai da zaman da safe saboda yaran. Buhunan da ba a sa wa komai ba sun canza ƙwarai: ƙwari suna yawo a jikinsu, gari yana zuba ta ƙasa, kuma idan aka cusa hannu tsakiya ana jin ɗumi fiye da na ɗakin, ɗumin da numfashin dubban tsutsotsi ke haifarwa. Na sa yaran suka kara kunne a jikin buhu suka yi shiru, suka ji ƙaramar ƙarar ci daga ciki. A kwalaben da aka toshe tun Disamba babu abin da ke motsi, waɗanda aka rufe da ƙyalle kuwa sun cika da ƙwari.

Labari ya zaga unguwa ba tare da mun aika kowa ba, musamman da yake a wannan wata kusan kowane gida yana neman wake domin ƙosan buɗa-baki, kuma masu sayarwa sun fara ware mai huji suna rage masa kuɗi. Waɗanda suka daina zuwa a Janairu sun dawo suna tambayar ranar buɗewa.

Asabar, 12 ga Afirilu, 2025

Yau aka buɗe zangon farko a ƙofar gidan mai unguwa, a gaban jama'a, bayan an yi kwana goma sha uku da ƙaramar salla. Domin kada a ce mun zaɓi abin da muke so, dattawa ne suka ɗebi samfur da hannunsu, ɗalibai suka ƙirga a kan faifai kowa yana gani.

Buhun da ba a sa wa komai ba ya lalace, mafi yawan ƙwayoyinsa da huji, wasu biyu wasu uku, ga wari. Na barkono da ganyen dogon-yaro ya ɗan fi shi, amma ba da tazarar da za ta sa mutum ya dogara da shi ba. Mutumin da ke ajiya da barkono ya yi jayayya cewa barkonon da muka sa bai kai ba, kuma tunda ba mu gwada ma'auni daban-daban ba, hujjarsa tana da ƙarfi. Mun rubuta cewa a wannan ma'auni bai wadatar ba, mun kuma yi alkawarin sake gwadawa da adadin da shi zai auna. Waken da aka gasa a rana ya zauna lafiya har Fabrairu, amma yau an same shi da huji da yawa, domin gashi yana kashe abin da ke ciki ne kawai, ba ya hana sababbin ƙwari daga buhun maƙwabci su shigo. Wannan ya nuna cewa wanda ya gasa dole ne ya toshe.

Jarka da buhu mai ninki uku sun fito da wake kamar ranar da aka zuba shi, sai 'yan ƙwayoyi masu huji da matattun ƙwari kaɗan a ƙasa. Buhun da ɓera ya huda, wanda muka buɗe shi ma domin kwatanci, ya lalace daga wajen hujin zuwa ciki. Tukunyar toka kuwa ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da su. Toka tana cike gurbin da ke tsakanin ƙwayoyi, ƙwaron da ya fito ba ya samun hanyar motsi balle ya tarar da abokin barbara, don haka zuriyar ta tsaya a ta farko. Da ɗalibai mata suka kai wa Iya labari, ta ce ita dama ba ta yi shakka ba, abin da ba ta sani ba shi ne dalili. Iyakar wannan hanya ita ce yawan tokar da take ci, domin mai buhu goma ba zai samu toka buhu goma ba, kuma waken yakan yi duhu sai an wanke. Amma ga mai ajiye iri ko abincin gida, ba ta buƙatar ko kwabo.

Mai unguwa ya rufe taron da cewa gani ya kori ji. Na ƙara da tunatar da jama'a cewa wannan mazubi ɗaya ne daga kowace hanya, a ɗaki ɗaya, a shekara ɗaya, kuma saura zango biyu kafin mu yanke hukunci.

Asabar, 10 ga Mayu, 2025

Manoma sun ɗaga wata tambaya da ta dace: idan an hana wake iska wata da watanni, ko an gasa shi a rana, zai tsiro kuwa? Mun jera ƙwaya ɗari daga kowace hanya a kan jiƙaƙƙen buhun algarara, muka naɗe, muka ajiye a inuwa muna yayyafa ruwa, bayan mako guda aka warware. Na jarka, da na ninki uku, da na toka sun tsiro da kyau, kusan bai ɗaya. Daga cikin wanda aka gasa, ƙwayoyin da ba su da huji sun tsiro lafiya, abin da ke nuna cewa zafin bai kashe su ba. Na buhun da ba a sa wa komai ba yawancinsa ruɓewa ya yi. Busasshiyar ƙwaya numfashinta kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa rashin iskar da ke kashe tsutsa bai cutar da ita ba, muddin an zuba ta a bushe.

Matan Islamiyya sun dafa alala da waken jarka da na toka a tukwane daban, aka ba mutane su ɗanɗana ba tare da an gaya musu wanne ne wanne ba, kuma ba a samu wanda ya iya rarrabewa da tabbaci ba.

Yanzu magana ta koma kan kuɗi da samuwa. Buhu mai ninki uku ya fi buhun kasuwa tsada, kuma wasu sun yi ƙorafin cewa akwai na jabu masu siririyar leda, sai dai ana iya sake amfani da na kirki fiye da kaka ɗaya idan bai huje ba. Masu sana'ar ƙosai sun fi karkata ga ƙananan jarkoki, domin suna iya buɗe ɗaya su gama da ita ba tare da sun shigar da iska cikin sauran ba. Sun fara shawarar yin adashi domin su sayi wake da yawa a kaka mai zuwa, kuma na roƙi malamin lissafi na makarantarmu ya zauna da ɗalibai su fitar musu da lissafin abin da za a kashe da abin da za a iya samu, da farashin da yaran za su riƙa rubutowa daga kasuwar Samaru da ta Sabon Gari kowane mako.

Hadari ya fara haɗuwa, danshin iska zai ƙaru, kuma wannan shi ne gwaji mafi tsanani ga tukwanen toka da ledojin da suka rage. Za a buɗe zango na biyu a tsakiyar Yuni, na uku kuma a ƙarshen Yuli, daidai lokacin shukar wake, inda wani dattijo ya ba mu kunya shida a gonarsa domin a shuka abin da ya fito daga kowace hanya a jere. Ɗalibai biyu sun ɗauki nauyin rubuta takarda ɗaya da Hausa mai bayanin yadda ake cika jarka da yadda ake ɗaure ninki uku, za mu kuma kai ta ga malaman NAERLS, cibiyar faɗakar da manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello, su duba mana ita kafin a buga a raba a masallatai da Islamiyya.